Yadda Ake Bitar Ƙungiyar Fantasi ta Besbol a Tsakiyar Kaka: Zaton Maris da Sakamakon Yuli

Da zarar Yuli ya kama, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mini daga masu buga fantasi na besbol ɗin Amurka, wasan da kake zaɓar 'yan wasa na gaske kana cin maki da abin da suka yi a fili: ɗan wasan da na ɗauka da wuri ya ƙi taɓuka komai, in sake shi ne ko in ƙara haƙuri? Wasu masu tambayar 'yan uwa ne mazauna Amurka da abokan aiki suka jawo cikin lig, wasu kuma daga Fantasy Premier League suka tsallako. Su na biyun su fara sanin wannan: a lig ɗin besbol na zaɓe, kowane ɗan wasa ubangida ɗaya gare shi. Ka sake shi yau, gobe abokin hamayyarka ya ɗauke, kuma babu katin da zai dawo maka da shi. Shi ya sa ba a yanke hukunci cikin fushi. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

1. Zaɓi lokaci, ka haɗa kayan aiki

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun All-Star, wato na wasan fitattun 'yan wasa, na tsakiyar Yuli, domin ana kwanaki ba a buga wasan lig ba, alƙaluma suna tsaye wuri ɗaya. Ga wanda ke Najeriya ko Nijar wannan sauƙi ne babba, tunda wasan ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a Kano, kullum ka wayi gari lissafi ya canza.

Abin da za ka tanada: shafin sakamakon zaɓen lig ɗinka, wanda Yahoo da ESPN da Fantrax duk suna ajiyewa, jadawali a Google Sheets ko Excel, shafin alƙaluman besbol na FanGraphs, da shafin Baseball Savant na hukumar MLB, babbar lig ɗin besbol ta Amurka. Duk waɗannan ana iya amfani da su ba tare da biyan ko sisi ba. FanGraphs na da rajista ta kuɗi, amma wannan aikin bai buƙace ta ba. Kuɗin da za ka kashe na data ne kawai. In da hali ka yi a kwamfuta, domin teburan FanGraphs suna da faɗi, a waya sai ka yi ta ja gefe har ka ɓata layi. Ka ware yini guda da yamma, kada ka rarraba aikin.

Gargaɗi: ana kiran hutun All-Star rabin kaka, amma ba rabi ba ne. Kaka wasa 162 ce, rabinta 81, kuma kafin hutun yawancin ƙungiyoyi sun buga wajen 95. Abin da ya rage kusan kashi 40 cikin ɗari ne. Duk wanda ya ninka alƙaluman ɗan wasa biyu don hasashen ƙarshen kaka ya yi kuskure tun daga tushe. Cal Raleigh na Seattle Mariners ya shiga hutun 2025 da HR 38, wato bugun da ke tsallakar da ƙwallo katangar fili. In ka ninka, 76 ke nan. Ya ƙare da 60, wanda tarihi ne ga mai tsaron bayan mai bugu, amma 22 ya ƙara, ba 38 ba.

2. Rubuta abin da ka zata a Maris, kafin ka kalli sakamako

Buɗe jadawalin, kowane ɗan wasa layinsa. Gurbi na farko suna, na biyu lambar da ka ɗauke shi, ko dalar da ka biya in lig ɗinku na gwanjo ne mai kasafin dala 260. Na uku ADP, wato matsakaiciyar lambar da jama'a suka riƙa ɗaukarsa a watan Maris. Na huɗu hasashen da aka yi masa kafin kaka, daga tsari ɗaya kamar Steamer ko ZiPS ko ATC. Ka tsaya kan tsari ɗaya ga kowa, kada ka riƙa tsintar wanda ya yi maka daɗi.

Gurbi na biyar shi ne wanda mutane suke tsallakewa, kuma a wurina shi ya fi duka muhimmanci: jimla ɗaya da ke faɗin dalilin da ya sa ka ɗauki mutumin. "Don satar bes." "Don shi ne mai rufe wasa, wato mai jifan ƙarshe da ke kare nasara, a ƙungiyarsu." "Don zai buga a sahu na biyu a jeri mai ƙarfi." Ɗan wasan da ka ɗauka don ya sato maka bes 30 (wato ya ruga zuwa tasha ta gaba a fili yayin da ake jifa), in ya sato 19 zuwa hutu, ya yi aikin da ka ɗauke shi, ko da matsakaicin bugunsa yana ɓata maka rai.

Gargaɗi: cike waɗannan guraben kafin ka buɗe alƙaluman bana. In ka fara ganin sakamako, zuciya za ta gyara maka tarihi, sai ka ji kamar dama can ka san wane zai faɗi.

3. Ɗora sakamakon bana a gefe

Yanzu ka ƙara matsayin kowa a yau bisa tsarin makin lig ɗinka. Yahoo na nuna matsayin kaka a jerin 'yan wasa, ESPN na da Player Rater. Ka tabbata ma'aunin ya dace da lig ɗinku: rukuni goma na gargajiya, wato R (makin da ya ci), HR, RBI (makin da bugunsa ya kawo), SB (satar bes) da AVG (matsakaicin bugu) ga masu bugu, W (nasara), SV (kare nasara a ƙarshen wasa), K (fitar da mai bugu da jifa), ERA (matsakaicin makin da ake cin sa) da WHIP (yawan waɗanda yake bari su hau bes) ga masu jifa, ba ɗaya suke da lig na tara maki ba.

Sai ka cire lambar zaɓe daga matsayin yau. Amma kada girman tazarar ya ruɗe ka. Wanda ka ɗauka na 5 ya koma na 45 ya fi yi maka illa a kan wanda ka ɗauka na 180 ya koma na 300, domin darajar 'yan sama tana da nisa tsakaninsu, na ƙasa kuwa kusan duk kuɗinsu ɗaya, ana samun madadinsu kyauta.

4. Raba rashin wasa da rashin iya wasa

Kafin ka ce wani ya lalace, duba sau nawa ya tsaya bugu, gurbin PA, ko inin (zagayen wasa) nawa ya yi jifa, gurbin IP. A ce an yi masa hasashen HR 30 a PA 600, wato ɗaya a kowane 20. Yanzu yana da 11. In PA ɗinsa 350 ne, ya kamata a ce yana da 17 ko 18, to akwai abin bincike. In kuwa PA 220 ne saboda ya yi wata guda a jerin masu rauni, 11 ɗin daidai take da hasashe. Hannunsa lafiya lau, lokaci ya rasa.

A nan ne kuma za ka raba zaɓen da ya lalace da zaɓen da dama ba shi da kyau. Ronald Acuña Jr. ya yi HR 41 da satar bes 73 a 2023, kusan kowa shi ya ɗauka na ɗaya a 2024. Ranar 26 ga Mayu jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke a Pittsburgh, kakarsa ta ƙare da wasa 49. Wanda ya ɗauke shi bai yi wauta ba. Rubuta "rauni" a gabansa ka wuce. Abin da ya cancanci tuhuma shi ne in ka tara masu jifa uku masu tarihin ciwon gwiwar hannu a zagaye shida na farko. Wannan ba tsautsayi ba ne, tsari ne, kuma shi za ka gyara baɗi.

Duba kuma ko koci yana ajiye shi duk ranar da mai jifa bahago zai fara wasa, ko an sauke shi daga sahu na biyu zuwa na takwas. Waɗannan suna cin R da RBI a hankali ba tare da wani ya lura ba.

5. Masu bugu: fasaha ce ta ragu ko sa'a ce ta juya baya

Nan ne ainihin aikin, kada ka yi gaggawa. Ga duk mai bugun da tazararsa ta yi yawa, sama ko ƙasa, ka buɗe shafinsa na FanGraphs da na Baseball Savant, ka bi wannan jerin.

Fara da K% da BB%, wato yawan fitar da shi da ake yi da jifa da yawan tafiya bes na farko kyauta. Su ne alƙaluman da suke saurin faɗin gaskiya: binciken Russell Carleton da FanGraphs ke kafa hujja da shi ya nuna K% na fara zama abin dogaro a wajen PA 60, BB% a wajen 120. Zuwa Yuli kowa ya wuce nan. In mutumin da ya saba da K% na 20 ya haura 29, wani abu ya canza da gaske, ko dai masu jifa sun gano rauninsa ko jikinsa ba daidai yake ba.

Sai ƙarfin bugu. A Baseball Savant, ƙwallon da ta fita da gudun mil 95 a awa ko fiye ita ce bugu mai ƙarfi. Kwatanta kason bana da na shekaru biyun baya. In bai sauka ba, ƙarfin yana nan.

Bayan haka ne za ka kalli BABIP, wato kason ƙwallayen da ya buga cikin fili suka zama riba. Matsakaicin lig yana tsakanin .290 da .300. Wannan adadi yana buƙatar ƙwallaye sama da 800 kafin ya daidaita, fiye da kaka guda ke nan. Saboda haka in K% bai canza ba, ƙarfin bugu bai canza ba, amma BABIP ya faɗi zuwa .235 ga mutumin da ya saba da .310, ka riƙe shi gam. Ƙwallayensa ne ke faɗawa hannun masu tsaro, kuma hakan ba ya ɗorewa.

Aaron Judge ya gama Afrilun 2024 da matsakaicin .207, magoya bayan ƙungiyarsa Yankees har ihu suka yi masa a gida. Ya ƙare kakar da .322, HR 58, RBI 144, da kyautar MVP ta gwarzon ɗan wasa. Corbin Carroll na Arizona ya fi gwada haƙurin mutane, domin nasa ya kai har hutu: an ɗauke shi a zagayen farko bayan HR 25 da satar bes 54 a 2023, sai ya shiga hutun 2024 da HR 5 kacal. Bayan hutu ya buga 17, ya ƙare da 22, satar bes 35 da R 121. Waɗanda suka sayar da shi da araha a Yuli sun sha wahalar watanni ukun, wani ya ci ribar biyun ƙarshe. Irin wannan asarar ce ta fi yi mini ciwo in na gan ta a wurin sabon ɗan wasa, domin minti goma na dubawa zai iya hana ta.

Gargaɗi: xBA da xwOBA, alƙaluman da ke hasashen abin da ya kamata bugu ya haifar, suna da amfani amma ba sa duba ɓangaren da ƙwallo ta nufa. Isaac Paredes ya buga HR 31 a 2023 ba tare da bugu mai tsananin ƙarfi ba, don yana jan ƙwallo ta sama zuwa kusurwar hagu inda katanga take kusa. Alƙaluman hasashe kullum suna raina irinsa. Idan mutum ya shekara uku yana wuce xwOBA ɗinsa, salonsa ne, ba sa'a ba.

6. Masu jifa: manta da W, kada ka amince da ERA ita kaɗai

Nasara a gurbin W ta dogara ne da ko abokan wasansa sun ci maki. Paul Skenes ya gama 2025 da ERA 1.97 da kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, amma nasara 10 da rashin nasara 10, domin ƙungiyarsa Pittsburgh ba ta bugu. Ba laifinsa ba ne, sai dai darasi ne na zaɓe: in kana neman W, ka duba ƙungiyar da mutum yake.

Abin da za ka auna shi ne K-BB%, wato K% a cire BB%. Matsakaicin lig yana wajen 14, wanda ya haura 20 gwani ne. Sai ka jera ERA kusa da FIP da xERA, alƙaluman da ke nuna ERA ɗin da ya kamata jifansa ya haifar. In ERA 2.60 ce alhali sauran biyun sun haura 4.00, kuma LOB% ɗinsa, wato kason waɗanda suka hau bes ya hana su cin maki, ya kai 85 alhali na lig yana wajen 72, to yana tsira ne da ƙyar duk lokacin da ya tara mutane a bes, kuma ranar biya tana zuwa. Irin wannan ake sayarwa tun sunansa yana da daɗi. Ubaldo Jiménez ya shiga hutun 2010 da nasara 15, rashin nasara 1, ERA 2.20. Nasara huɗu kawai ya ƙara har ƙarshen kaka.

Duba gudun jifansa mafi sauri wasa bayan wasa. In ya ragu da mil biyu kuma ya zauna a haka wasa uku a jere, wannan ya fi duk wata ERA ba ni tsoro, don sau da yawa rauni ne ke sallama.

Gargaɗi game da matasa: ƙungiyoyi suna taƙaita inin ɗin wanda bai saba da dogon aiki ba. Garrett Crochet ya haskaka a farkon 2024, shekararsa ta farko a matsayin mai fara wasa, amma daga Yuli ƙungiyarsa White Sox ba su ƙara barinsa ya wuce inin huɗu ba. Mai fara wasa kuwa sai ya cika inin biyar kafin a rubuta masa W. Kwatanta inin ɗin bana da mafi yawan da ya taɓa yi a shekara guda. In ya riga ya wuce, kuma ƙungiyarsa ba ta neman komai, ka san abin da ke tafe.

7. Lissafa abin da kasuwar MLB za ta canza

Ana rufe musayar 'yan wasa a MLB a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, a 2025 ranar 31 ga Yuli ce. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu rufe wasa na ƙungiyoyin da suka fid da rai. Ryan Helsley ya yi SV 49 a St. Louis a 2024, da aka kai shi Mets a Yulin 2025 sai ya koma share wa Edwin Díaz hanya. Haka Tanner Scott da ya bar Miami zuwa San Diego a 2024. In kana da irin wannan, ka nemi mataimakinsa a ƙungiyar da zai bari tun kafin labari ya fita, lokacin da dala ɗaya ko biyu ta kuɗin tayi, wato kasafin neman 'yan wasan da ba su da ubangida, za ta ishe ka.

Filin wasa ma yana da tasiri. Paredes ɗin nan da aka mayar da shi Chicago Cubs a Yulin 2024, HR 3 kawai ya buga musu, domin kusurwar hagu ta Wrigley Field tana da zurfi.

8. Koma teburin lig ɗinka

Duk binciken da ka yi ba shi da amfani sai ka haɗa shi da inda kake a tebur. Ga kowane rukuni, rubuta tazarar da ke tsakaninka da na samanka biyu da na ƙasanka biyu. A ce satar bes 6 za ta haurar da kai mutum uku, HR kuwa kana gaba da 25 babu mai kamo ka. To mai HR ɗinka na uku, komai kyansa, ya fi amfani a matsayin abin musaya.

Rukunan matsakaici sun fi wuyar motsawa a wannan lokaci, kuma gara ka yi lissafin da hannunka. A ce kana da inin 800 da ERA 4.10, kana son ƙarewa da 3.80, kuma inin 500 suka rage maka. Sai masu jifanka sun yi 3.32 daga nan har ƙarshe. In ba ka da mutanen da za su iya, ka bar wannan rukunin, ka zuba ƙarfi a K da W ta hanyar yawaita masu fara wasa. In lig ɗinku na karo-da-karo ne na mako-mako, ka duba makonnin da za a yi wasannin fitar da gwani, ka ƙirga wasa nawa ƙungiyar kowane ɗan wasanka take da shi a cikinsu.

9. Yanke hukunci, mutum bayan mutum

Gurbi na ƙarshe kalma ɗaya ce: riƙe, sayar, saya, ko saki. Ma'aunin shi ne hasashen sauran kaka, wanda FanGraphs ke sabuntawa kullum a ƙarƙashin sunaye irin su Steamer RoS da ZiPS RoS, haɗe da abin da ka gano a mataki na 5 da na 6. Lambar da ka ɗauki mutum a Maris ba ta cikin wannan lissafi. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya tambayar nawa ka saro buhu, farashin yau yake biya. Tambayar ita ce: da a ce yau ake sabon zaɓe na wasa 65 da suka rage, a ina zan ɗauki wannan mutumin?

Wajen musaya, ka duba teburin abokin cinikin kafin ka aika tayi, ka ba shi abin da yake buƙata da gaske. Tayin raini, irin na mutum uku marasa amfani a kan tauraro ɗaya, yana rufe ƙofa har ƙarshen kaka. Ka duba ranar rufe musaya ta lig ɗinku a shafin dokoki, domin daban take da ta MLB, yawanci a Agusta take faɗawa. Kuɗin tayi kuwa, in lig ɗinku na amfani da shi, ba ya tsallakawa zuwa baɗi. Wanda ya kai Yuli da dala 80 cikin 100 ya yi riƙon da ya wuce kima. Ka ware kaso mafi girma na makon da ke bin rufe kasuwar MLB, lokacin da sababbin masu rufe wasa da matasan da aka ɗauko daga ƙananan lig suke fitowa, ka bar 'yan daloli na Satumba.

Gargaɗi: kada ka saki wanda ke jerin masu rauni kafin ka duba ko lig ɗinku na da gurbin IL, wato wurin ajiye mai rauni. Ka kuma san bambancin jerin kwana 10 na masu bugu, na 15 na masu jifa, da na kwana 60. Wanda aka saka a na 60 a ƙarshen Yuli, da wuya ya amfane ka a bana.

10. Ajiye jadawalin don Maris mai zuwa

Kafin ka rufe, ka karanta gurbin dalilai daga sama har ƙasa, ka ja layi a ƙarƙashin duk dalilin da ya maimaitu a cikin zaɓukan da suka ci tura ba don rauni ba. Wataƙila kana yawan biyan kuɗi mai tsada kan wanda ya yi kaka ɗaya mai kyau, ko kana ɗaukar masu rufe wasa da wuri alhali rabinsu sun rasa aikin kafin Yuli. Rubuta abu biyu ko uku a saman jadawalin. Sai ka sa wa wayarka tuni na washegarin rufe kasuwar MLB don sake duba mataki na 7 da na 8 kawai, da wani na mako guda kafin zaɓen baɗi don buɗe wannan fayil ɗin.